Ledar maganin da Yayata ke ɓoyewa ƙarƙashin filo

Na daɗe ina so in rubuta wannan abun, amma duk sanda na ɗauki waya sai in ajiye, dan bana so wani ya karanta rabi yace ai wane ya daina gaskata cewa Allah na warkarwa. Toh bari in faɗa tun yanzu kafin a min fassara, na gaskata Yesu na warkarwa har yau ɗin nan, na gani da idona kuma zan ba ku labarin a ƙasa. Abunda ke cina a rai shine yadda muke amfani da kalmar bangaskiya a gefen gadon mara lafiya.

Yayata tana fama da ciwon suga shekara 16 kenan, shekara 2 da suka wuce kuma ƙodarta ta gaza, yanzu sau uku a sati ake mata wankin ƙoda, kowane zama awa huɗu tana kwance jininta na fita ta tiyo ya shiga inji ya dawo. Ni ke kai ta ni ke dawo da ita. Na nemi izininta kafin in rubuta, tace in rubuta amma kar in sa sunanta.

Wata rana wasu 'yan'uwa suka bugo waya wai suna hanya za su zo mata addu'a, ina cikin gyara kujeru sai naga ta miƙe da ƙyar, ta tattara ledar magungunanta da ɗan injin gwada suga da allurarta duk ta cusa ƙarƙashin filo ta koma ta jingina a kai. Nace Yaya lafiya, me kike yi haka? Tace Auta bar shi kawai, kar su gani suce har yanzu ban saki ba. Nace saki me? Tayi shiru, can tace kar suce ban ba da gaskiya ba.

Jikina yayi sanyi. Matar nan fa ita ta koya min Addu'ar Ubangiji tun ban iya karatu ba, ita ce ke tashi ƙarfe huɗu na asuba in ji muryarta ƙasa-ƙasa tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya gaban Allah, yau ita ce ke ɓoye magani kamar wadda ta sato abu.

Kuma nasan inda abun ya samo asali. Shekarun baya taje wani taron addu'a, mai wa'azin yace duk wanda ya gaskata ya warke ya zubar da maganinsa, wai shan magani bayan addu'a daidai yake da cewa Allah yayi ƙarya. Yaya ta dawo gida bata faɗa wa kowa ba ta daina allurar insulin. Kwana tara. Mu dai munga tana ta shan ruwa kamar ba gobe, tana yawan zagayawa, sai amai, munata cewa ko zazzaɓi ne, ran na tara muka same ta bata san wanda ke kanta ba. Kwana uku tayi a asibiti bata farfaɗo ba. Da ta buɗe ido ina zaune gefenta, na ɗauka zata tambayi yaranta ko tayi fushi da mutumin da ya faɗa mata wannan magana, amma abunda ya fito bakinta shine, Auta na kasa ko? A ranta ita ce ta faɗi jarabawa, da bangaskiyarta ta kai da sugan bai hau ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, ga ciwo a jiki ga kuma laifi an ɗora mata a zuciya, kuma na biyun ya fi daɗewa bai warke ba.

Bayan ranar filon nan na ɗauki Baibul da biro nace sai na bi bisharun nan huɗu daga farko har ƙarshe, duk inda Yesu ya warkar da wani in duba bangaskiyar waye aka ambata. Na ɗauki kusan wata biyu ina yi. Abunda na samu ya bani mamaki duk da cewa a coci na tashi kuma labaran nan duk na sha jin su.

Gaskiya ne akwai wuraren da Yesu yace bangaskiyarka ta warkar da kai, ba zan ɓoye wannan ba. Ya faɗa wa makaho Bartimawus a hanyar Yariko, ya faɗa wa kuturun nan Basamariye da ya dawo godiya cikin su goma, ya faɗa wa matar nan mai zubar jini a Markus sura 5. Amma ku tsaya ku kalli matar nan da kyau. Shekara 12 tana zubar jini, ta kashe duk abunda take da shi wajen masu magani abun sai gaba yake, kuma bisa dokar Firistoci sura 15 ita mara tsarki ce, duk wanda ya taɓa ta ya ƙazantu, kenan shekara 12 mutane na kaucewa. Bata zo ta gaba tana shela ba, ta baya ta lallaɓo cikin cunkoso ta taɓa rigarsa, kuma da Yesu ya juya yace wa ya taɓa ni, Markus yace ta zo tana rawar jiki dan tsoro. Mace mai rawar jiki ce Yesu ya kira 'yata, yace bangaskiyarki ta warkar da ke. Duk abunda take da shi shine ta san wajen wanda zata kai damuwarta kuma ta miƙa hannu. In wannan ne ma'auni, Yayata ta miƙa hannu sau dubu.

Sannan ga waɗanda ba a ma ambaci bangaskiyarsu ba sam. Mutumin da yayi shekara 38 yana fama da ciwo, kwance a bakin tafkin Betasda, Yohanna sura 5, Yesu ya tambaye shi kana so ka warke, ko eh bai ce ba sai ƙorafi ya fara wai bashi da mai saka shi a ruwa, ya warke ya ɗauki tabarmarsa, da aka tambaye shi wa ya warkar da kai bai ma san sunansa ba. Malkus bawan babban firist da Bitrus ya sare wa kunne, shi cikin masu zuwa kama Yesu yake, amma Yesu ya taɓa kunnen ya warke. Li'azaru kwanansa huɗu a kabari, wace bangaskiya gawa zata nuna? Gurgun da Bitrus da Yohanna suka tarar a ƙofar Haikali a Ayyukan Manzanni sura 3, kuɗi yake jira su bashi, shekarunsa sun haura 40 bai taɓa taka ƙafarsa ba, ya tashi yana tsalle.

Wanda ya fi tsaya min a rai shine shanyayyen Kafarnahum a Markus sura 2. Mutum huɗu suka ɗauko shi, gida ya cika ba hanya, suka hau sama suka buɗe rufi suka zuro shi da shimfiɗarsa, sai aka rubuta cewa da Yesu ya ga bangaskiyarsu. Tasu fa, ta masu ɗaukar. Haka a Yakubu 5:14 da 15, aikin mara lafiya ɗaya ne, ya kira dattawan ikilisiya, su ne za su yi addu'a su shafa masa mai cikin sunan Ubangiji, kuma addu'ar bangaskiya da aka ambata a wurin daga bakin masu addu'ar take fitowa. Da almajirai suka kasa warkar da yaron nan mai farfaɗiya suka tambayi Yesu a keɓe me yasa muka kasa, a Matiyu 17:20 ƙarancin bangaskiyarsu su almajiran ya nuna, bai ce laifin yaron bane. Toh ya akayi mu muka juya abun? Mu zo mu yi addu'a, in ya warke muce hannunmu da shafewa, in bai warke ba muce shi ne bashi da bangaskiya, mu saka takalmanmu mu tafi mu barshi da kuka. In har dole sai an binciki bangaskiyar wani a ɗakin nan, a fara da mu masu lafiya da muke tsaye.

Uban yaron nan kuma, kai, mutumin nan ya zama abokina. Yace wa Yesu in zaka iya yin wani abu ka ji tausayinmu. In zaka iya fa yace, ba ko kunya, dan ya gaji, tun yaron na ƙarami abun ke jefa shi a wuta da ruwa. Yesu ya ja hankalinsa akan maganar, yace komai mai yiwuwa ne ga mai ba da gaskiya, sai uban ya ɗaga murya yace na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Rabi da rabi ya kawo, bai yi ƙaryar cewa zuciyarsa cike take ba, kuma Yesu bai ce masa je ka ƙaro ka dawo ba, nan take ya warkar da yaron. Da manzanni ma suka ce a ƙara mana bangaskiya a Luka sura 17, ƙwayar mastad ya nuna musu, ƙwayar da in ta faɗi ƙasa sai ka tsuguna kafin ka gan ta.

Akwai ayoyi masu nauyi, kuma duk wanda ke faɗa wa mara lafiya irin maganar da aka faɗa wa Yaya da su yake kafa hujja, dan haka bari in taɓa su. A Markus sura 6 an ce a Nazarat Yesu bai iya yin ayyukan al'ajabi da yawa ba, yayi mamakin rashin bangaskiyarsu. Amma su waye mutanen? Waɗanda suka ce ashe ba kafintan nan bane ɗan Maryamu, suka yi tuntuɓe da shi, Luka ma yace sun kai shi bakin dutse za su jefa shi ƙasa. Waɗannan ƙin sa suka yi, da alama ko marasa lafiyarsu basu kawo masa ba balle ya taɓa su, duk da haka 'yan kaɗan ɗin da suka samu zuwa ya ɗora musu hannu sun warke. Haɗa mutanen Nazarat da macen da ke kuka tana kiran sunan Yesu tsakar dare zalunci ne.

Sai Markus 11:24, duk abunda kuka roƙa cikin addu'a ku gaskata kun samu, zai zama naku. Na gaskata ayar nan, bana so in rage mata ƙarfi. Amma ku buɗe gaba kaɗan, sura 14 a littafi ɗaya, wanda ya faɗi maganar da bakinsa yana Gatsemani ya faɗi ƙasa yana cewa Abba, Uba, komai mai yiwuwa ne a gare ka, ka ɗauke min ƙoƙon nan, amma ba nufina ba sai naka. Ba a ɗauke ƙoƙon ba. Wa zai buɗe baki yace Yesu bangaskiya ce ta gaza masa? Na sha jin ana cewa wai in ka saka "in nufinka ne" cikin addu'ar warkarwa ka ɓata ta, alamar shakka ce. Toh kuturun Markus sura 1 cewa yayi in ka yarda kana iya tsarkake ni, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi yace na yarda. Bai yi shakkar ikon ba ko kaɗan, ya dai bar hukuncin a hannun mai shi.

Bulus kuma fa? Mutumin da a Afisa ake ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke, shi ne ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya a jiki, amsar da ya samu itace alherina ya ishe ka, 2 Korantiyawa sura 12. Shi ne ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas bashi da lafiya. Shi ne yace wa Timoti ya daina shan ruwa kaɗai ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan sabida cikinsa da yawan laulayinsa, bai ce masa ɗana ina bangaskiyarka ba, shawarar magani ya bashi irin na zamaninsu. Da Abafaroditas yayi ciwo har ya kusa mutuwa ya tashi, Bulus cewa yayi Allah ya ji tausayinsa. Tausayi ya kira abun. Annabi Elisha da ya ta da ɗan matar Shunem, ya sa Na'aman wanka sau bakwai a Urdun kuturta ta tafi, 2 Sarakuna 13:14 tace ciwo ya kama shi kuma ciwon ne ajalinsa.

Maganar magani kam ban san inda muka samo cewa abokin gaban addu'a bane. Sarki Hezekiya ya juya fuska bango yayi kuka, Allah ya aiko Ishaya yace na ji addu'arka na ga hawayenka na ƙara maka shekara 15, a wurin kuma Ishayan yace a kawo curin ɓaure a ɗora akan marurun. Alkawarin Allah na nan, ɓauren ma na nan, ba wanda yaga saɓani. Luka da ya rubuta mana bishara guda da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus na kiransa ƙaunataccen likita. Insulin ɗin nan da Yaya ke ɓoyewa, kafin 1922 yaron da ciwon suga mai tsanani ya kama ba ya daɗewa, iyaye na kallo yana ramewa har ya tafi, a watan Janairun shekarar ne a Toronto ta ƙasar Kanada aka fara yi wa wani yaro allurar ya farfaɗo. Ni dai in na tuna iyaye nawa ne suka durƙusa shekaru aru-aru suna roƙon Allah ya kawo mafita ga wannan ciwo, in na kalli 'yar kwalbar nan a firij amsar addu'a nake gani. A ce wa mutum ya zubar da ita dan ya nuna bangaskiya, ai shine abunda Shaiɗan yace wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, yi tsalle mala'iku za su tare ka, Yesu kuma yace kada ka gwada Ubangiji Allahnka.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, dan nima na kauce ta ɗaya gefen. Bayan abunda ya faru da Yaya zuciyata ta ƙeƙashe, na daina roƙon warkarwa gaba ɗaya. Addu'ata ta koma Ubangiji ka ba likitoci hikima, ka ba ta haƙuri, nufinka ya cika, shikenan. Kalmomin masu kyau ne amma ni nasan ɓuya nake a bayansu, tsoro nake kar in roƙa a hana ni in sake jin ciwo. Wani abokina ma a lokacin ya turo min labarin wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, an ɗauki mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya, wasu aka sa a musu addu'a wasu ba a sa ba, da aka duba ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, yace ka gani ko, ɓata lokaci ne. Na daɗe ina juya abun. Daga baya na lura masu binciken da mai wa'azin da ya sa Yaya ta ajiye allura duk kallo ɗaya suke wa addu'a, kamar inji, ka zuba kaza ka danna kaza sakamako ya fito, in bai fito ba ko injin ya lalace ko mai dannawa bai iya ba. Amma wanda muke magana da shi Uba ne, yana ji, yana da nufi, yana iya cewa eh yana iya cewa jira.

Abunda ya dawo da ni shine ƙafar Yaya. Bara wani ɗan ciwo ya fito mata ƙarƙashin babban yatsa, bata ma ji ba dan suga ya kashe mata jin ƙafar, kafin mu ankara ya zama gyambo, yana ruwa yana wari, gefensa yayi baƙi. Likita ya duba yace za a cigaba da wankewa da allurai na sati biyu, in ba canji sai dai a yanke dan kar ya hau sama. Ranar Yaya bata yi magana a mota ba har muka iso.

Ita da kanta tace in kira dattawa. Su uku suka zo, babbansu tsoho ne sosai yana dogara sanda, ya zauna bakin gado ya gaishe ta ya tambayi jiki, sai kawai yace 'yata ina magungunanki? Naga gaban Yaya ya faɗi, ta kalle ni, a hankali ta ɗaga filo ta jawo ledar tace gasu Baba. Ya karɓa da hannu biyu ya ɗora kan tebur inda kowa ke gani yace a bar su nan, su ma Ubangiji ya sa musu albarka, kar ki kuskura ki tsallake ko ɗaya. Sannan ya zaro wata 'yar kwalbar mai daga aljihu, ya ɗiga a yatsa ya shafa mata a goshi, hannunsa na ɗan rawa irin na tsufa. Addu'ar bata kai minti biyar ba kuma ba ihu, amma kai tsaye ya roƙa, yace Uba ga 'yarka, muna roƙon ƙafar nan kar a yanke ta, muna roƙon ƙodar nan ta tashi, kai ka yi su ka san inda suka lalace, ba abunda ya fi ƙarfinka, mun bar ta a hannunka cikin sunan Yesu. Muka ce amin. Na daɗe ban ji an roƙi abu ƙarara haka ba tare da an yi wa Allah tsawa ko an yi wa mara lafiya barazana ba.

Aka cigaba da diresin kullum. Kwana na goma nas ta kwance bandeji ta tsaya tana kallo, ta fita ta kira likita, ni ina tsaye naga wurin da yake baƙi ya koma ja, sabon nama na tasowa daga gefe, warin ma ya ragu. Likita yace a ɗaga maganar tiyata a ƙara sati. Ba a sake maganar ba. Wata biyu da 'yan kwanaki ciwon ya rufe, yau da ƙafarta biyu take shiga coci. Wani zai ce ai allurai ne suka yi aiki, eh sun yi, na gode wa Allah dan su da nas ɗin da bata taɓa yamutsa fuska ba tana wanke ciwon, amma ni naga fuskar likitan ranar, kuma nasan abunda muka roƙa.

Ƙodar kuwa tana nan yadda take. Ku duba fa, mace ɗaya, gado ɗaya, addu'a ɗaya daga bakin mutum ɗaya, an roƙi abu biyu a numfashi guda, an ba da ɗaya ɗayan har yau shiru. In bangaskiyarta ce ma'auni, sai a faɗa min yadda ta isa ƙafa amma bata isa ƙoda ba. Tun ranar na daina wannan lissafin.

Na kuma lura ba mu kaɗai bane. A Lurd ta ƙasar Faransa inda miliyoyin masu ziyara ke zuwa, da yawansu marasa lafiya, tun 1883 akwai ofishin likitoci da ke tantance duk wanda yace ya warke, mutum sama da 7,000 suka kai rahoto amma waɗanda Cocin Katolika ta amince da su a matsayin al'ajibi 70 ne da 'yan kai. Ni ba ɗan Katolika bane amma wannan taka-tsantsan ɗin ya burge ni, gara a faɗi kaɗan na gaskiya da a tara shaidun da in an bi su bayan wata guda za a tarar mutum ya koma gado. Ga Joni Eareckson Tada, wata Kirista 'yar Amurka, tana da shekara 17 a 1967 tayi tsalle cikin ruwa mara zurfi wuyanta ya karye, an kai ta tarurrukan warkarwa, an shafa mata mai, ta roƙa da dukan zuciya, har yau a keken guragu take fiye da shekara 50, kuma ta ƙarar da rayuwarta tana yi wa naƙasassu hidima cikin sunan Yesu. Wa ya isa ya auna bangaskiyar wannan baiwar Allah yace ta gaza? Ibraniyawa sura 11 ma da muke kira surar bangaskiya, ta lissafa waɗanda ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakuna suka tsere wa kaifin takobi, bata ja numfashi ba ta cigaba da waɗanda aka jajjefe, aka kashe da takobi, suka yi yawo cikin fatun tumaki, kuma duka ɓangaren biyu tace an shaide su sabida bangaskiyarsu.

Addu'ar da nake yi yanzu a wajen samarin nan uku na Daniyel sura 3 na koye ta. Suna tsaye gaban Nebukadnezzar wuta na ci suka ce Allahn da muke bauta wa yana da iko ya cece mu, zai kuwa cece mu, amma ko bai yi ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Da na ɗauka kashi na ƙarshen nan ja da baya ne, yanzu naga shi ne wurin da ya fi wuya a faɗa. Ina roƙon ƙodar Yaya kullum, da sunanta, ba kwana-kwana, ina sa rai kuma duk sanda aka ɗebi jininta aka kai gwaji gabana na faɗuwa dan ina tsammanin wata rana sakamakon zai ba likita mamaki. In ya fito kamar na watan jiya in ji zafi, wani lokacin in zauna a mota in yi kuka kafin in koma ciki, sannan in sake roƙa.

In zaku je duba mara lafiya dan Allah ku tuna abokan Ayuba, kwana bakwai da suka yi zaune a ƙasa tare da shi ba magana shine mafi alherin abunda suka yi, da suka buɗe baki suka fara nemo masa laifi sai da Allah yace fushinsa ya yi ƙuna a kansu dan basu faɗi gaskiya game da shi ba. Da almajirai suka ga makaho tun haihuwa suka tambaya wa yayi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu yace ba shi ba, ba iyayensa ba. Ku yi addu'a da gaba gaɗi, ku roƙi warkarwa da sunanta, in kun gama ku tambaya ko akwai mai kai shi asibiti ran Laraba, ko akwai mai kwana da shi, ko maganin ya kusa ƙarewa. Mutum huɗun Kafarnahum da kafaɗunsu suka ɗauki gadon.

A hannun hagun Yaya akwai wurin da likitoci suka haɗa mata jijiya biyu dan wankin ƙoda, in ka ɗora yatsa a wurin zaka ji yana zirr kamar ƙaramin inji na aiki ƙarƙashin fata, an ce mu riƙa dubawa kullum dan in ya tsaya akwai matsala. Duk safiyar da za mu tafi, kafin in ta da mota sai ta miƙo min hannun, in ɗora yatsu biyu in ji yana yi, daga nan bana sakewa sai mun yi addu'a. Gobe ma ƙarfe biyar da rabi za mu fita.

Da na karanta mata wannan rubutun ɗazu ta saurara har ƙarshe bata katse ni ba, ledar maganin na kan tebur kusa da Baibul ɗinta, sai tace Auta ka manta abu ɗaya, ka ce wa duk wanda ya karanta ya taya ni roƙo, kuma ka faɗa musu ƙarara, ƙoda nake roƙo.